Yadda ake daidaita fasalin bidiyo kafin a auna motsin ɗan wasa a kwamfuta

Mai horar da ƴan ƙwallo ko ƴan kokawa a Damagaram da wuya bidiyonsa ya fito daga hannu ɗaya. Wani yaro ya ɗauka da salula a tsaye daga bayan raga, wani ya ɗauka a kwance daga gefen fili, mai ɗaukar biki ya zo da tsohuwar kamararsa, ga kuma wanda aka kwafo daga talabijin lokacin da Télé Sahel ta nuna gasar kokawa ta takobi, ya bi ta WhatsApp hannu uku kafin ya iso. Sai a zuba su duka cikin manhajar nazarin bidiyo irin su Kinovea ko Dartfish ko Tracker, a ce za a gwada lanƙwasar gwiwar wannan da ta wancan. Manhajar ba za ta ƙi ba. Za ta buɗe kowanne, ta ba ka lamba, kuma lambar za ta iya zama ƙarya tsagwaronta idan hoton ya miƙe ko ya matse. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a mayar da kowane bidiyo fasalinsa na gaskiya tukuna, a tabbatar da shi da wani abu da aka san girmansa, sannan a fara zane da awo.

Ɓarnar da miƙewar hoto ke yi

Fasali a nan shi ne rabon faɗin hoto da tsayinsa: 4:3 na tsohuwar talabijin, 16:9 na salula a kwance da talabijin ta yanzu, 9:16 na salula a tsaye, 1:1 da 4:5 da ake yawan gani a Facebook da Instagram. Idan aka ja hoton 4:3 ya cika allon 16:9, an ƙara masa faɗi da kashi ɗaya cikin uku, wato an ninka kowane abu da ke kwance da 1.333, abin da ke tsaye kuwa yana nan yadda yake.

Ga abin da hakan ke jawowa. Ka ɗora awo a kan turken raga, wato ka gaya wa manhaja cewa tsawonsa mita 2.44 ne don ta riƙa auna komai da shi, sannan ka auna taƙin ɗan wasa mai gudu. Taƙin da a fili mita 1.5 ne zai fito mita 2. Gudun mita 6 a daƙiƙa zai fito mita 8, ka ɗauka ka samu wanda babu irinsa a jaha. In kuma a kan sandar sama ta raga ka ɗora awon, mita 7.32, to tsallen santimita 60 zai fito 45.

Kusurwa ta fi wannan rikitarwa, domin kuskurenta ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Layin da ya karkata digiri 45 zai koma kusan 37 a hoton da aka miƙe, ya koma 53 a hoton 16:9 da aka matse cikin 4:3. Gwiwar ɗan kokawa da ya duƙa, cinya da ƙwauri kowanne ya karkata digiri 45, a gaskiya digiri 90 ce, amma miƙaƙƙen hoto zai nuna 74. Kusurwa irin wannan da bakinta ke kallon sama za ta nuna 106. Wato ba za ka iya cewa "bari in ƙara digiri kaza a kan kowace lamba" ka huta ba. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne kusurwar da ke tsakanin layi tsaye da layi kwance ba ta canzawa ko kaɗan. Mutum ya auna kusurwar raga, ya ga 90 cif, ya ce hoton lafiya lau. Wannan gwajin ba ya nuna komai.

Lambobi uku da ke cikin kowane fayil

Na farko adadin ɗigon da aka ajiye, wato ƴan ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto (pixel), misali 720 a kwance, 576 a tsaye. Na biyu siffar ɗigon kansa. Na uku fasalin da ya kamata a gani a allo. Na farko sau na biyu shi ke ba da na uku.

Yawancin mutane sun ɗauka kowane ɗigo faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne. A salula haka yake, amma ba a kowace kamara ba. Katanga biyu za su iya ɗaukar tubali 720 a jere, ɗaya ta fi ɗaya tsawo saboda tubalinta ya fi faɗi. Haka bidiyon 720×576 yake: da shi ake ajiye 4:3, da shi kuma ake ajiye 16:9, bambancin yana cikin ƴar alamar da ke gaya wa manhaja faɗin ɗigon. Idan alamar ta ɓace wajen kwafa ko sauya fayil, ko manhajar ba ta karanta ta ba, hoton zai fito a matse.

Waɗanda aka fi cin karo da su:

- 720×576, na kaset ɗin MiniDV da faifan DVD da abin da aka kwafo daga talabijin a tsarin hotuna 25 a daƙiƙa. In 4:3 ne, faɗinsa na gaskiya 768. In 16:9 ne, 1024.
- 720×480, na kamarorin da aka yi wa kasuwar Amurka da Japan, waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo. In 4:3 ne, 640. In 16:9 ne, 854.
- 1440×1080, na kamarorin HDV da wasu saitunan AVCHD. Faɗinsa na gaskiya 1920. A lura, salula ko kamarar GoPro da aka saita a 4:3 ita ma tana iya ba da 1440×1080 mai ɗigo daidai, wanda ba ya son gyara.
- 960×1080, na kamarorin tsaro masu tsarin 1080N. Rabin faɗi kawai suke ajiyewa, na gaskiya 1920.

Mataki na 1: nemo fayil na asali

Kafin komai, tambayi wanda ya ɗauka ya ba ka fayil ɗin daga salularsa ta igiyar USB, ko katin memori, ko Xender. In dole sai ta WhatsApp, ya tura shi a matsayin takarda, domin ta nan ba a taɓa shi. Wanda aka tura a matsayin bidiyo ana rage masa girma, sau da yawa ya dawo 848×480 ko 640×352. Na farkon bambancinsa da 16:9 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ana iya haƙuri da shi. Na biyun ya wuce kashi 2 cikin 100, kuma ɗigon ya yi kaɗan har ba ka iya ganin tsakiyar gwiwa sosai.

Buɗe folda biyu, ɗaya ta asali, ɗaya ta gyararru. Ta asali ba a taɓa ta. Duk gyaran da za a yi, sabon fayil za a fitar.

Mataki na 2: karanta abin da fayil ya ce game da kansa

MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Jawo fayil ɗin cikinta, ka zaɓi a nuna maka bayanin a rubuce. In kwamfutarka da Faransanci take, layukan da kake nema su ne Largeur, Hauteur, Format à l'écran da Images par seconde. Duba kuma ko akwai layin Rotation, da layin da ke cewa hoton saƙaƙƙe ne, wato Entrelacé, irin wanda ake ɗaukar layukansa rabi-rabi.

Wanda ya saka FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba wa umurni a rubuce, wannan umurnin ya wadatar, sai ya sa sunan fayil ɗinsa a madadin wasa.mp4:

`ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=width,height,sample_aspect_ratio,display_aspect_ratio,r_frame_rate,avg_frame_rate,field_order -of default=nw=1 wasa.mp4`

Raba faɗi da tsayi da kanka. 1920 ÷ 1080 ya ba da 1.778, wato 16:9, ɗigo daidai yake. 720 ÷ 576 ya ba da 1.25, wanda ba 4:3 ba ne, ba kuma 16:9 ba, to ka san akwai aiki. Rubuta wannan a takarda ga kowane fayil: suna, faɗi, tsayi, fasalin da ya faɗa, hotuna nawa a daƙiƙa. Idan bidiyo goma ne a gabanka, wannan takardar ce za ta hana ka gyara ɗaya sau biyu ka bar wani.

Maganar Rotation: salula idan ta ɗauki bidiyo a tsaye, sau da yawa a kwance take ajiye shi, 1920×1080, ta liƙa alamar a juya shi digiri 90. Tsofaffin manhajoji ba sa ganin alamar, sai ɗan wasa ya fito yana kwance a gefensa. Wannan ba lalacewa ba ce, juyawa kawai yake so.

Mataki na 3: kar ka yarda da fayil, gwada hoton

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Fayil zai iya cewa 1920×1080, 16:9, ɗigo daidai, alhali tun can baya wani ya ja hoton 4:3 ya cika allo sannan ya fitar da shi a haka. Lambobin duk za su yi kyau, miƙewar kuwa ta riga ta shiga cikin hoton.

Ƙwallo ita ce shaidar da ta fi kowace, saboda ta kowane ɓangare ka kalle ta zagayayya ce. Nemi wurin da take ajiye, kamar kafin bugun kusurwa ko bugun tazara, kuma kusa da tsakiyar hoto. Ƙwallon da ke gudu tana jan inuwa, za ta fito doguwa ko a lafiyayyen hoto. Tsayar da bidiyon, ƙara girman wurin, ja layi daga gefenta zuwa gefe, ja wani daga sama zuwa ƙasa. Muddin ba ka ɗora awo ba, Kinovea da ɗigo take nuna tsawon layi. In faɗi 40 ne, tsayi 30, an miƙe hoton da 1.333. In duka 30 ne ko 31, lafiya.

Matsalar ƙwallo ƙanƙanta ce, faɗinta kusan santimita 22. Idan daga nesa aka ɗauka ta fito ɗigo 12, kuskuren ɗigo ɗaya ya zama kashi 8 cikin 100, gwajin ya tashi banza. A nan sai a koma ga raga. Raga ta ƙa'ida faɗinta mita 7.32 tsakanin turaku daga ciki, tsayinta mita 2.44 daga ƙasa zuwa ƙasan sandar sama, wato faɗi ya ninka tsayi sau uku daidai. Sharaɗi biyu ne. Kamara ta fuskanci ragar kai tsaye, domin daga gefe faɗin yana raguwa. Sannan ragar ta kasance ta ƙa'ida. Ta babban filin wasa ana iya yarda da ita, amma ta filayen unguwa, ko a Birni ko a Zango ko a Sabon Gari, mai walda ne ya haɗa ta gwargwadon ƙarfen da aka kawo masa, kuma yashi kan binne gindin turke. Je ka da tef ka auna ta da hannunka, ka rubuta.

Bidiyon kokawa ba shi da ƙwallo, ba shi da raga. Da'irar buhunan yashi ba ta taimakawa, tunda daga gefe ake kallonta dole ta fito kamar ƙwai. Nemi tayar babur da aka ajiye a gicciye, ko tambarin tashar talabijin da ke kusurwar allo idan ka san siffarsa. Tambarin yana nuna miƙewar da aka yi bayan tashar ta watsa, wadda ita ce aka fi samu.

Lissafin gyara: raba abin da ka auna da abin da ya kamata. Misali fayil 1920×1080, raga ta fito ɗigo 1200 a kwance, 300 a tsaye. 1200 ÷ 300 = 4, alhali 3 ya kamata. 4 ÷ 3 = 1.333. Raba faɗin fayil da wannan lambar: 1920 ÷ 1.333 = 1440. Hoton na gaskiya 1440×1080 ne. In lissafinka ya ba da 1.31 ko 1.35, kar ka yi aiki da shi haka, hannu ne ya ɗan kauce wajen jan layi. Ɗauki sananniyar lambar da ta fi kusa: 1.333, 1.125, 0.938, 0.844, 0.75, 0.703 ko 0.5. Kusan duk ɓarnar da ake gani ɗaya ce daga cikin waɗannan.

Hanya mai sauri ta ganin wanne ya dace: buɗe shi a manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka riƙa danna harafin A, zai riƙa sauya fasali ɗaya bayan ɗaya har ƙwallo ta zagaye. Wannan kallo ne kawai, bai canza fayil ba.

Mataki na 4: gyaran kansa

Hanya uku ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko, a cikin manhajar nazari. Kinovea tana da wurin zaɓar fasali a jerin saitunan hoto: ta gano da kanta, ko a tilasta 4:3, ko a tilasta 16:9. Nan kusa akwai na juyawa da na warware saƙa. Tracker, wadda malaman kimiyya ke amfani da ita wajen auna faɗuwar abu da jifa, tana da matatar Resize da aka yi don wannan matsalar. Ga bidiyo ɗaya da za ka duba yau ka gama, wannan ya isa. Raunin hanyar shi ne gyaran yana wurinka kawai. In ka ba wani fayil ɗin, ko ka buɗe shi a wata kwamfuta, sai an sake tunawa.

Ta biyu, a gyara alamar kawai ba tare da an sake sarrafa hoton ba:

`ffmpeg -i wasa.mp4 -c copy -aspect 16:9 gyara.mp4`

Nan take yake gamawa, hoto ba ya raguwa. Sai dai manhajar da ba ta karanta alama tun farko, yanzu ma ba za ta karanta ba.

Ta uku ita muke ba da shawara ga duk bidiyon da za a yi awo a kansa: a sake fitar da shi da ɗigo daidai, ta yadda babu manhajar da za ta yi kuskuren fahimtarsa. Ga 720×576 mai faɗin 16:9:

`ffmpeg -i wasa.avi -vf "yadif=1,scale=1024:576,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -g 10 -c:a aac gyara.mp4`

Kowane yanki da aikinsa. `yadif=1` yana warware saƙa. Tsofaffin kamarori rabin layuka suke ɗauka, sannan ɗaya rabin bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, shi ya sa ƙafar mai gudu ke fitowa da haƙora kamar na matsefi idan an tsayar. Warwarewar tana ba ka hotuna 50 a daƙiƙa a maimakon 25, riba ce babba ga mai auna lokaci. Dole ta zo kafin `scale`. In aka canza tsayin hoto da saƙar a ciki, haƙoran sun zauna ke nan. Bidiyon salula ba saƙaƙƙe ba ne, a cire masa wannan yankin. `scale` shi ne sabon girma, `setsar=1` shi ke cewa ɗigo daidai yake, kuma mantawa da shi ne ke sa mutum ya gyara faɗi ya ga hoton ya sake miƙewa. `-crf 18` yana riƙe kyan hoto. `-g 10` yana sa cikakken hoto kowane goma, don komawa baya ɗaya-ɗaya ya yi sauƙi a kwamfuta mara ƙarfi. Fayil zai ɗan ƙara nauyi.

Kullum faɗi ake gyarawa, a bar tsayi yadda yake, kuma lambobin su zama masu rabuwa biyu. Tsarin ajiye bidiyo na H.264 da aka saba da shi ba ya karɓar faɗi irin 853, shi ya sa ake sa 854.

Bidiyon salula na tsaye, da zarar FFmpeg ya sake fitar da shi yana juya shi da kansa ya cire alamar. Amma salula tana da wata ɗabi'ar: yawan hotunanta a daƙiƙa yana hawa yana sauka, musamman da magariba in haske ya ragu. In ka ga `r_frame_rate` da `avg_frame_rate` na umurnin mataki na 2 sun bambanta, ƙara `fps=30` a farkon jerin matatun, wato abin da ke bayan `-vf`, in ba haka ba lokacin da za ka auna zai kauce.

Wanda umurnin rubutu bai kwanta masa ba ya yi amfani da manhajar HandBrake. A shafin Dimensions a sa Anamorphic a kan None, a duba girman da zai fita ya yi daidai da lissafinka. A kashe datsewar da yake yi da kansa, domin yakan yanke gefe ba tare da ya tambaya ba. A shafin Video a zaɓi Constant Framerate.

Akwai kuma baƙin gefe da ya zama ɓangaren hoto: fayil 1920×1080, amma wasan yana tsakiya, dama da hagu baƙi. Ba ya ɓata awo, yana dai cin wuri, kuma in ka sake ƙara masa gefe a mataki na gaba ɗan wasa zai koma ɗan mitsitsi a tsakiyar baƙi. Wannan umurnin zai gaya maka iyakarsa:

`ffmpeg -ss 60 -i wasa.mp4 -t 20 -vf cropdetect=round=2 -f null -`

Zai fito da abu irin `crop=1440:1080:240:0`, sai ka sa shi a farkon matatu. Zaɓi wuri mai haske don gwajin. A wasan dare yakan ɗauki duhun sama a matsayin baƙin gefe ya yanke har da kawunan mutane.

Mataki na 5: shigar da su duka allo iri ɗaya

Wannan sai in za a jera biyu gefe da gefe, ko a ɗora ɗaya kan ɗaya, ko a haɗa su cikin bidiyo guda don nuna wa ƴan wasa. Dalili shi ne manhajoji da yawa, idan girman biyun ya bambanta, sukan ja ɗaya ya cika wurin ɗayan, aikin da ka yi ya rushe.

Zaɓi biyu ne na halal, ƙara baƙin gefe ko datsewa. Miƙewa ba ta cikin lissafi. A aikin nazari ƙara gefe ya fi, domin datsewa tana cin abin da kake nema. Mayar da 1440×1080 zuwa 16:9 ta datsewa yana zubar da layuka 270, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayi, kuma a nan ƙafafu da kai suke. Mayar da 16:9 zuwa na tsaye yana barin ɗigo 608 cikin 1920, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, mai tsaron baya da ya bar wurinsa ya fita daga hoto gaba ɗaya.

`ffmpeg -i gyara.mp4 -vf "scale=-2:1080,pad=1920:1080:(ow-iw)/2:0,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -g 10 allo.mp4`

Hoton 4:3 zai zauna 1440×1080 da baƙi ɗigo 240 kowane gefe. Na tsaye zai zauna 608×1080 da baƙi 656 kowane gefe. A yi wannan a kan fayil ɗin da aka riga aka gyara, domin `-2` da adadin ɗigo yake lissafi, bai san siffar ɗigo ba. In yawancin bidiyonka ƙanana ne, ko kwamfutar tsohuwa ce mai saurin zafi, yi allon 1280×720. Ɗaga 576 zuwa 1080 ba ya ƙara ko gashi ɗaya a hoto, nauyi kawai yake ƙarawa.

Masu iri ɗaya ana iya yi musu gaba ɗaya a tagar umurni ta Windows, bayan an buɗe folda mai suna allo:

`for %f in (*.mp4) do ffmpeg -i "%f" -vf "scale=-2:720,pad=1280:720:(ow-iw)/2:0,setsar=1" -crf 18 "allo\%~nf.mp4"`

In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, fayil na ƙarshe bai kammalu ba kuma yawanci ba zai buɗu ba. Goge shi ka sake.

Bidiyon tsaye kuwa bai cancanci rainin da ake masa ba. Ga tsalle a wuri ɗaya, ko tsayuwar mai tsaron gida, ko duƙawar ɗan kokawa shi kaɗai, ya fi na kwance, tunda jikin mutum ya samu layuka 1920 a maimakon 1080. Da ka cusa shi cikin allon kwance ka zubar da kusan rabin wannan. Don haka yi awonka a kan na tsayen yadda yake, na allon kuma a bar shi don kallo da kwatance.

In ɗaya yana fuskantar dama ɗaya hagu, ƙara `hflip` a ɗayansu. Sai dai ka rubuta a sunan fayil cewa an juya shi, kada gobe a ce yaron da ƙafar hagu yake bugu.

Mataki na 6: awo

Sai yanzu za a fara zane. Kinovea tana ajiye layuka da kusurwoyi a wani ɗan fayil daban mai ƙarshen .kva, kuma wuraren da ta riƙe na hoton da aka yi zanen a kansa ne. Zanen da aka yi kafin gyara a zubar da shi a sake, har da awon da aka ɗora.

Kowane bidiyo da nasa awon. Zamansu allo ɗaya bai sa mita ta zama ɗigo iri ɗaya a cikinsu ba, tunda nisan kamara ya bambanta. Ja layi a kan abin da ka san tsawonsa, danna shi da maɓallin dama, shigar da tsawon. Abin ya kasance nisansa da kamara ɗaya da na ɗan wasan. Sanda da ke mita uku a bayansa za ta sa ya fito ya fi girmansa.

Daga nan yi gwajin da ke rufe maganar fasali: in da abu tsaye ka ɗora awo, auna wani abu kwance da ka san tsawonsa, ko akasin haka. Ka ɗora da turke 2.44, sandar sama ta fito tsakanin 7.2 da 7.4, ci gaba da aikinka. Ta fito 6.9 ko 9.7, koma mataki na 3.

Ga abin da ke shimfiɗe a ƙasa, kamar nisan da ke tsakanin ƴan baya, layi ɗaya ba ya isa. Ana amfani da ragar awo mai kusurwa huɗu da ke cikin manhajar, a ɗora kusurwoyinta a kan na babbar da'irar mai tsaron gida, wadda a filin ƙa'ida mita 40.32 ce a faɗi, 16.5 a zurfi. Tana ba da nisa daidai a kan wannan shimfiɗar kaɗai. Tsayin tsalle ba ya aunuwa da ita.

Wanda ba ya gyaruwa da lamba ɗaya

Saitin SuperView na GoPro yana ɗaukar 4:3 ya shimfiɗa shi 16:9, amma ba daidai ba: tsakiya ta kusa zama yadda take, gefuna sun miƙe sosai. Wasu talabijin ma suna da saitin da ke yin haka. Alamarsa ita ce ƙwallo ta zagaye a tsakiya, ta zama ƙwai a gefe. Irin wannan a kalle shi don tsarin wasa, kar a ɗauki lamba daga cikinsa. Haka bidiyon da aka ɗauka ta hanyar nuna wa allon talabijin salula: karkatar hannu, saitin talabijin da madubin salula duk sun taru a ciki. Haka kuma wanda mai ɗauka ya riƙa zuƙowa yana mayarwa, domin awon da ka ɗora a minti na farko ya mutu da zarar ya taɓa zuƙowa.

Wani lokacin fayil lafiya yake, allon nunawa ne mai laifi. Kwamfuta mai 1366×768 da aka haɗa da tsohon majigi mai 1024×768 takan matse hoto a bango. Lambobin cikin manhaja ba su canza ba, ido ne kawai ke ganin ƴan wasa sun rame. A saitin allo na Windows a zaɓi girman majigin, a talabijin kuma a mayar da saitin hoto kan na asali.

Ranar ɗauka

Rabin wannan wahalar tana ƙarewa a fili. Kafin atisaye a tara masu ɗauka a yi magana ɗaya: kowa a kwance, 1920×1080, yawan hotuna iri ɗaya, 30 ko 60, madubin salula na ainihi ba mai faɗin nan na 0.5 ba, babu zuƙowa. A ɗora salula a kan ƙafa uku ko a ɗaure ta a jikin kujera, ta fuskanci hanyar motsi a gicciye, tsayinta kusan ƙugun ɗan wasa. A samu sanda biyu masu mita ɗaya-ɗaya, a haɗa su kamar harafin L, a shafa wa bakunansu fenti mai haske. Da an fara ɗauka, wani ya tsaya da ita daidai inda za a yi motsin, ɗaya a kwance a ƙasa ɗaya a tsaye, a ajiye ƙwallo kusa da ita, a ƙirga daƙiƙa biyar sannan a ɗauke. In an matsar da kamara ko an sauya wuri, a sake nuna sandar kafin a ci gaba.